Tsuntsaye 'Yan Rahoton Falke Ne, In Ya Iya Saurare

Zuwa ga 'yan'uwa fataken shanu, dillalai da 'yan kore, na nan Maiganga da na Ngawi, da waɗanda wannan takarda za ta iske a Ngaundere, Garwa, Adumri, Mubi ko Buwar.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana wani ciniki ne da aka yi a gabanmu ƙarshen ranin da ya wuce. An kawo wani bijimi Gudali, ja mai ƙaton tozo, an tsayar da shi a gefen kara tare da sauran shanu. Kowa ya wuce sai ya waiwaya. Wani dattijo cikin iyayenmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kore da ƙafa daga Ngawi zuwa tashar jirgin ƙasa, ya tsaya ya dube shi kamar na minti biyar. Bai taɓa shi ba, bai ko buɗe bakinsa ya ga haƙora ba, sai ya ce wa dillali, "Allah ya kawo kasuwa," ya yi gaba abinsa. Wani yaro cikin namu, sabon shiga, ya ga kamar banza ta faɗi, ya taya, aka sallama masa. Bayan kwana uku, a zango, sai ga tsutsa tana fitowa daga ƙarƙashin cinyar san. Ashe miki ne mai zurfi aka cushe da toka da kashin shanu, ya bushe ya saje da fata. An yi masa ungulu da kan zabo ke nan. Dole aka karyar wa mahauta, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba.

Da aka tambayi tsohon, "Baba, me ka gani?" sai ya ce shi bai ga kome ba, carki ne ya gani. Ya ce shanu sun fi talatin a wurin, carki kuwa uku ne kacal, amma duk sun bar sauran sun taru a kan wannan, kuma wuri ɗaya suke komawa. Sa ya kaɗa wutsiya su tashi, su sake dawowa nan dai. "Wanda ke neman kaska yawo yake yi a jiki," in ji shi. "Wanda ya kafe wuri guda, jini ya samu."

To, jama'a, wannan shi ne irin ilimin da muke so mu yi bayani a kansa, tun da masu shi suna ta ƙarewa. Tun daga lokacin da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, sa'an nan manyan motoci suka karɓe yawancin lodi, kwanakin da falke ke yi a daji tare da dabbobinsa sai raguwa suke yi. Yaranmu na yanzu sun san farashin Duwala da na Yawunde ta wayar hannu kafin su karya kumallo, amma da yawansu ba su iya bambanta kukan makwarwa na asuba da kukanta na firgita ba. Alhali har gobe akwai tafiyar da mota ba ta yi mana: daga ruga zuwa kara, daga kara zuwa wurin lodi, daga wancan gefen iyaka zuwa wannan. A cikin waɗannan kwanaki ne ake asarar dukiya, wani lokaci har da rai.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, tsuntsu ba don mu yake kuka ba. Bai san falke ba, bai san riba ba. Cikinsa yake bi, abin tsoronsa yake gudu, sheƙarsa yake tsaro. Wanda ya san abin da kowane tsuntsu ke ci da abin da ke firgita shi, shi ne zai iya fassara motsinsa. Wanda bai sani ba kuwa, ko dai ya wuce bai ga kome ba, ko ya faɗa cikin camfi.

Mu koma kan carki, don shi ne ya fi kowa kusa da dukiyarmu. Irin namu na nan bakinsa rawaya ne daga tushe, ja a tsini, yana da ƙafafu masu kaifin farce da yake manne wa fata da su, har ya iya rataya a ƙarƙashin ciki ko a cikin kunne. Abincinsa kaska ne da ƙudaje da dattin kunne, da kuma jini. A ramin itace yake sheƙa, ya shimfiɗa ta da gashin da ya tsige a jikin dabba. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun auna cewa carki guda yana iya cinye manyan kaska masu cike da jini kusan 100 a yini. Shi ya sa makiyaya da yawa ke ganinsa likita ne na kyauta. Amma ba nan maganar ta tsaya ba. A shekarar 2000 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a wani gandun shanu a Zimbabuwe, inda aka raba shanu kashi biyu, aka sa mutum yana korar carki daga kashi ɗaya, ɗaya kashin kuma aka bar su. Da aka ƙirga, yawan kaska bai bambanta sosai ba, amma shanun da carki ke sauka a kansu sun fi daɗewa mikinsu bai warke ba, saboda tsuntsun yana tone shi yana sha. Watau dai abin da tsohonmu ya faɗa a kara shi ne abin da Turawa suka gano da alƙalami da takarda.

Saboda haka mu a ganinmu, ba likita ne ya kamata falke ya ɗauki carki ba, ɗan rahoto ne. In yana zagaya wuya da kunne da gindin wutsiya yana tsince-tsince, dabba na da kaska, sai a duba ko ta kai ga kawo kirci. In ya nace wa wuri guda, a sa yara su kama dabbar a duba wurin da hannu kafin a ce "na saya". Ga wanda ke kore kuma, duk san da bulala ko ƙaho ko ƙarfen mota ya ji wa rauni, a rufe raunin da magani tun da wuri, in ba haka ba carki zai mai da ɗan ƙwarzane ya zama gyambo kafin a kai Ngaundal, fatar ma ta rage daraja.

Akwai wani aikin carki da ya fi wannan, shi ne gadi. Idonsa ya fi na saniya nisa, kuma a bisa yake zaune. Da ya hango abin da bai yarda da shi ba sai ya yi wani kuka mai kama da tsaki, "ksss, ksss," ya tashi sama, shanu su ɗaga kai gaba ɗaya. A 2020 an buga wani bincike da aka yi a kan baƙar karkanda a Afirka ta Kudu. Karkanda dai ba ta gani sosai. In mutum ya laɓaɓo ta inda iska ba za ta kai mata warinsa ba, kuma babu carki a bayanta, sau 23 cikin 100 kawai take farga, shi ma sai ya matso kamar mita 27. In akwai carki kuwa, ba a taɓa mamayar ta ba ko sau ɗaya, kuma tun daga wajen mita 61 take ankara. (Abin baƙin ciki, irin karkandar da ta rage a dazuzzukan Binuwai da Buba Njidda a nan arewacin Kamaru, an neme ta an rasa a 2006, aka bayyana ƙarewarta a 2011. Carki bai iya da bindiga ba.) Abin da ya yi wa karkanda shi yake yi wa garkenmu. In kana zaune a inuwa da rana tsaka ka ji carki sun yi tsaki sun tashi tare, kada ka dubi tsuntsayen, dubi inda shanu suka juya kunnuwansu.

Balbela ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai gyara guda. Mutane da yawa na cewa kaska take ci. Takan tsinci ɗaya-biyu, amma ainihin abincinta fara ce da ƙwarin da kofaton shanu ke tayarwa daga ciyawa, shi ya sa a ƙasa take tafiya kusa da ƙafa, ba a baya take zama ba. Amfaninta gare mu biyu ne. Da safe, in ka hango fari-fari suna sauka a bayan wani tudu, akwai garke a can, ko naka da ya ɓace ko na wani da ba ka so naka ya cuɗanya da shi lokacin da ake ciwon huhu ko boru. Da yamma kuma sukan jeru su nufi wurin kwana, wanda galibi itatuwa ne na bakin ruwa. Baƙon da bai san ƙasa ba ya lura da inda suka dosa.

Kan batun ruwa, kurciya da hasbiya sun fi balbela gaskiya. Masu cin ƙwaya ne, busasshen abinci, dole su sha kowace rana. In ka ga suna wucewa ƙasa-ƙasa, a miƙe, da sauri, da sanyin safiya ko gab da magariba, duk ta fuska ɗaya, to mashaya suka nufa. A nan tudun Adamawa, inda rafuka ke ko'ina suna gangarawa Mbere da Lom da Jerem, wannan bai dame mu ba sosai. Amma wanda ya sauka gangaren Ngaundere ya nufi Garwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 kuma yawancin rafuka sun zama yashi, ya san darajar wannan alama.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, maganar hanya. Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Cadi ya san zargina, ko bai gamu da su ba ya san wanda ya gamu. Barnarsu ce ta sa aka kafa rundunar BIR a 2001. Bayan rikicin Afirka ta Tsakiya na 2013 da 2014, wanda ya cika sansanonin Borgop da Ngam da 'yan gudun hijira, makamai suka ƙara yawa a daji, satar mutane don kuɗin fansa ta addabi makiyayan Adamawa. Ba za mu yaudari kowa ba: tsuntsu ba ya tare harsashi, kuma ba ya maye gurbin rakiya, ko tafiya cikin ayari, ko tambayar labarin hanya wurin Arɗo kafin a tashi. Amma mutumin da ya ɓuya a kurmin rafi zai iya ɓoye wa idonka, ba zai iya ɓoye wa tsuntsayen kurmin ba.

Tsofaffin 'yan kore abu biyu suke saurare. Na ɗaya, kukan da ya zo ba a lokacinsa ba. Makwarwa takan hau suri ta yi kukanta da asuba da kuma yamma, wannan al'adarta ce, ba labari a ciki. Amma in ta fashe da tashi da rana tsaka, can gaba inda kai ba ka kai ba, wani abu ne ya taka kusa da ita. Zabin daji in suna kiwo murya ƙasa-ƙasa suke yi. In suka ɗauki wannan kururuwa tasu mai kama da ana kaɗa gwangwani, suka ƙi yin shiru, sun ga wani abu, ko damisa, ko kare, ko mutum. Zakaran ƙeƙuwa, mai dogayen ƙafafun nan da ke zama a fili kusa da ruwa, shi ko da tsakar dare ba a wuce shi a ɓoye, sai ya tashi yana zagaya yana ƙara. Mai kwana da shanu kusa da fadama ya sami maigadi wanda ba a biyansa.

Na biyu kuwa ya fi wuyar koyo, shi ne shiru. Kurmin bakin rafi da safe kasuwa ce: ƙananan tsuntsaye na ta hayaniya, kurciya na kuka, cilakowa na fito. In ka iso mashigi ka tarar tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke, to akwai dalili. Watakila shaho ne ya wuce yanzu. Watakila kuma ba shaho ba ne. Abin da iyayenmu ke yi shi ne su tsai da kan garke nesa, su jira kamar rubu'in sa'a. In shaho ne, hayaniya za ta dawo da kanta. In ba ta dawo ba, sai a canja mashigi, ko da zai ƙara rabin yini. Mun san wanda aka yi wa dariya a kan wannan, aka ce tsoro ya yi masa yawa, ya kuwa kai shanunsa cif. Sai dai fa wanda ke tafe da rediyo a rataye a wuya, ko waya a toshe a kunne, ba zai ji kuka ba balle ya ji shiru. Muna roƙon iyayen gida su ja wa yaran kore kunne a kan wannan.

Sai maganar damina, wadda ita ce maganar farashi. Kowane Bahaushe ya san shamuwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda take tafiya. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana can gabashi da kudancin Afirka, inda ake damina a lokacin, tana cin fara da tsutsar ciyawa. Sa'an nan ta juyo arewa tana bin sahun ruwan sama, ta zo ta yi sheƙa a itatuwan garuruwan Hausa da na arewacin Kamaru da Cadi. Ba ita ke kawo ruwa ba, ba kuma duba take yi ba. Ruwa ne ke fito da ƙwari, ita kuwa ƙwari take bi. Amma ga falke duk ɗaya ne, tun da ba ta isa wuri sai damina ta kusa.

Abin lura a nan shi ne damina ba rana ɗaya take sauka a ƙasar nan ba. Maiganga tana kan tudu, wajen mita 1,000 bisa teku, ruwa kan fara mana tun Maris ko Afrilu ya kai Oktoba. Garwa tana ƙasa cikin kwarin Binuwai, sai wajen Mayu take samu. Saboda haka mu nan mukan ga shamuwa tana wucewa tun mutanen Garwa da Marwa suna cikin tsananin bazara. A wannan tsakani makiyayin arewa na sayar da ramammun shanu don ya sayi dusa da ƙwayar auduga, na nan kuwa ya ga sabuwar ciyawa ya fara riƙe nasa, ya ce sai sun yi ƙiba. Da zarar shamuwa ta zauna a itatuwan arewa ta fara ɗaukar kara, araha ta kusa ƙarewa can ma. Mai niyyar sayen na kiwatawa ya san lissafinsa. Haka kuma mai shanu a hayin kogi ya yi haramar ƙetarewa kafin mashigi ya cika. Shi kuwa ragon maza, mai jan fiffiken nan da ke kuka a cikin duhuwa kamar ana tsiyaye ruwa daga kwalba, ya fi yawan kuka in iska ta yi laima, amma mu ba mu ɗora ciniki a kansa ba, yakan yi kukansa sama ta wuce ba ta zubar ba.

Da rani kuma shirwa ce mai labari. In ka hango su da yawa sun taru suna shawagi wuri guda can nesa, suna faɗowa suna tashi, gobarar daji ce, fara da ɓeraye masu gudun wuta suke kamawa. Sau da yawa za ka gan su kafin ka ga hayaƙi sosai, musamman cikin hazon hunturu. Sai ka duba inda iska ke kaɗawa kafin ka shigar da garke cikin doguwar ciyawa.

Mun bar ungulu a baya don maganarta ta fi tsawo, kuma akwai laifinmu a ciki. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, gaskiya ne, amma jewa iri biyu ce. Ungulu da mikiya masu nauyi ne, ba su son kaɗa fiffike, sai rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa, su hau ta suna zagaye. Wannan zagayen hawa ne kawai, ba lalle akwai mushe a ƙarƙashinsu ba. Da ido suke nema, kuma kowace tana lura da 'yar'uwarta. In ɗaya ta gani ta sauka, na kusa su bi ta, na nesa su bi na kusa. Saboda haka alamar mushe ita ce ka ga suna zuwa daga fuskoki daban-daban suna gangarowa wuri guda, ƙafafu a sake. Wanda saniyarsa ta ɓace jiya, can zai nufa.

In ka isa ka tarar da mushen da ba naka ba a kan burtali ko kusa da mashaya, kada ka bar garke ya matso sai ka duba, daga nesa. In dabbar ta kumbura da wuri, ga baƙin jini da bai daskare ba yana fita ta hanci da baki da dubura, a ɗauka ciwon saifa ne har sai likitan dabbobi ya ce ba shi ba ne. Kada a feɗe, kada a ɗauki fata, kada a ci, kada a sayar. Cutar tana kama mutum, kuma ƙwayarta in ta shiga ƙasa takan yi shekaru da dama tana jira. A kewaye wurin da shanu, a kai rahoto, a ƙone ko a binne da zurfi. Allurar rigakafinta a nan gida ake yin ta, a LANAVET ta Garwa, ba ta kai kuɗin maraƙi guda ba ga garke duka.

To amma ina ungulun? Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda suke cika mayanka da rufin kasuwa, har sai an kore su da sanda. Yau a garuruwa da yawa hankaka ne da karnuka suka gaje wurin. Wani masani Bafaranshe, Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a hanyoyin arewacin Kamaru a 1973, ya sake bin sawu a 2000, ya tarar manyan mikiyoyi sun ragu ƙwarai a wajen gandun daji. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta kasuwa cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Manyan dalilai biyu ne: guba, da masu sayen kawunansu don tsibbu. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a gabashin Gini Bisau cikin 'yan makonni. Gubar kuwa sau da yawa ba don su aka sa ba. Kura ta kashe maraƙi, mai shi ya fusata ya barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan ragowar, kura ɗaya ta mutu, ungulu hamsin su bi ta.

Wanda ke ganin wannan ba asararsa ba ce ya ji abin da ya faru a Indiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan shanu. Daga farkon shekarun 1990 mikiyoyinsu suka fara faɗuwa, har fiye da 95 cikin 100 suka ƙare, ba a san dalili ba. Sai a 2004 aka tabbatar: wani maganin zafi da kumburi ne da ake yi wa shanu allura, diklofenak. In dabba ta mutu da shi a jikinta, mikiyar da ta ci sai ƙodarta ta lalace. Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma aikin gama ya gama. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana ɓata ruwa, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin mikiya ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Akwai wani magani mai aiki iri ɗaya, meloksikam, wanda aka gwada aka ga ba ya kashe su. Mu da ke sayen allurai a kan tebur a ranar kasuwa, mu riƙa karanta abin da ke jikin kwalba, ko mu ba wanda ya iya ya karanta mana.

Carki ma haka ta taɓa faruwa da shi. A Afirka ta Kudu, bayan bushiya ta kashe dabbobi a ƙarshen shekarun 1890, sa'an nan aka shiga yi wa shanu wanka da maganin kaska mai gubar arsenik, irin carkin nan namu ya ɓace daga ƙasar ɗungum, bai dawo ba sai wajen 1979. Magungunan kaska na yanzu ba duka ke kashe shi ba, masu amitaraz alal misali sun fi sauƙi a kansa. Abin da ke kashe shi, ya kuma kashe shanun ma wani lokaci, shi ne maganin feshin auduga da wasu ke damawa su shafa wa dabba don ya fi araha. Ga kuma sabuwar kaskar nan mai taurin kai da aka fara gani a Kodebuwa a 2007, aka kuma ba da rahotonta a Kamaru a 2019, wadda ke sa mutane ƙara ƙarfin magani ba bisa ƙa'ida ba. A nemi shawarar likitan dabbobi kafin a haɗa wani abu.

Wani zai ce, Malam, duk wannan ba camfi ba ne? A'a, kuma bambancin a fili yake. Malamanmu sun hana mutum ya fasa tafiya don tsuntsu ya gitta masa ta hagu, ko ya ce mujiya ta yi kuka a kan ɗaki wani zai mutu. Mujiya ɓera take nema, in ta yawaita a zango rumbun dusa ne ke da ɓeraye. Wannan shi ne camfi: a jingina wa tsuntsu sanin gaibu. Amma ka ce zabi sun firgita don sun ga wani abu, wannan karatun sawu ne, kamar yadda kake ganin kofato a laka ka ce garke ya wuce da safe. Ko a cikin Alƙur'ani, a Suratun Namli, alhudahuda labarin abin da ya gani da idonsa a ƙasar Saba ya kawo wa Annabi Sulaimanu, alaihis salam.

Maƙwabtanmu Gbaya, masu cin zumar daji, sun fi mu nisa a wannan fanni. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin gefen wutsiya da ke zuwa ya yi ta surutu a gaban mutum, ya tashi ya sauka gaba kaɗan, har ya kai shi itacen da zuma take, don a fasa ya sami kaki. Wani bincike da aka yi a Kenya, aka buga a 1989, ya nuna cewa masu bin sa kan sami zuma cikin kamar sa'a 3, maimakon kusan sa'a 9 in babu shi. Sai dai muna gargaɗin yaran kore: ya kira ku, ku ba shi haƙuri. An sha barin garke a bi zuma, a dawo a tarar shanu sun shiga gonar rogo, a kwana ana biyan tara.

Daga ƙarshe ga roƙo. Sunayen da muka kawo na Hausa ne, kuma mun san wasu sun bambanta tsakanin Bakano da Basakkwace. 'Yan'uwa masu jin Fulatanci da Gbaya da Larabcin Shuwa su taimaka su rubuto mana yadda ake kiran waɗannan tsuntsaye a harsunansu, don yaranmu su gane in makiyayi ya faɗa musu a daji. Haka kuma duk wanda ya fara ganin shamuwa a bana, ya rubuta ranar da sunan garin, da ranar da ruwan farko ya sauka a wurin, ya ba sakataren reshensu ya aiko. Wanda kuma ya san mayankar da har yanzu ungulu ke sauka, daga Garwa-Bulai har Kuseri, muna son sunan garin da kimanin yawansu.